Fasto ya roƙi gafarar matashi a gaban ikilisiya: tawali'u ne ko zubar da girma?

Dattijo Mai Lambu:
Salama 'yan'uwa cikin sunan Yesu. Wani abu ya faru a majami'armu makonni uku da suka wuce, har yau yana hana ni barci, shi ya sa na kawo shi nan. Ba zan faɗi sunan gari ko na mutum ba, wanda ya gane wurin kuma ina roƙonsa ya riƙe a cikinsa.

Shekara biyu ke nan muna ginin sabuwar majami'a. A taron ikilisiya na farkon shekara, bayan ma'aji ya karanta rahoton kuɗin gini, shugaban matasanmu ya ɗaga hannu ya ce lissafin siminti bai yi daidai ba. Ya ce buhunan da aka rubuta sun fi waɗanda aka sauke, domin shi da abokansa ne suka sauke su daga mota. Fasto ya ɗauki maganar da zafi. Nan take ya ce yaron ba shi da ladabi, yana neman raba kan ikilisiya. Kafin mako ya zagayo an sauke shi daga shugabanci, an sa shi ƙarƙashin horo, ya koma bencin baya. Mu dattawa bakwai muna zaune, ba wanda ya ce uffan.

Bayan wata biyu, ma'aji yana jera rasit domin masu binciken kuɗi da za su zo daga gunduma, sai ya ga an shigar da rasit ɗaya sau biyu. Ba sata aka yi ba, kuskuren biro ne, kuɗin suna nan a asusu. Amma dai yaron ne da gaskiya.

Ranar Lahadi kafin wa'azi, fasto ya sauko daga bagadi, ya kira yaron da sunansa, ya ce a gaban kowa ya ci mutuncinsa, saboda haka a gaban kowa zai roƙi gafararsa. Ya ce fushi da girman kai ne suka sa ya yanke hukunci bai bincika ba. Mutum ne da ya doshi sittin, yaron kuwa bai kai talatin ba. Majami'a ta yi tsit, uwar yaron tana kuka.

Yanzu mu dattawa mun rabu. Uku daga cikinmu sun ce fasto ya zubar da girman kujerarsa, da ya kira yaron ofis ya ba shi haƙuri a can. Wani cikinmu ya ce daga yau kowane yaro zai riƙa nuna wa fasto yatsa. Har ana maganar a rubuta wa gunduma ta canja masa wuri, wai ba shi da sauran kwarjini a nan. Asabar mai zuwa za mu zauna. Ni a zuciyata na ga daidai ya yi, amma ban iya tsara hujja ba in ana gardama. Ku taimake ni.

Tsohon Hedimasta:
Ɗan'uwa dattijo, na ji ka. Zan faɗi abin da watakila ba zai yi wa wasu daɗi ba. Na yi shekara talatin da biyu ina riƙe da makarantu, na kuma yi dattijon ikilisiya sau uku. Girman shugaba ba nasa ba ne shi kaɗai, amana ce ta jama'a, kamar rawanin sarauta da ake gada a kuma bar wa na baya. Ibraniyawa 13:17 ta ce mu yi biyayya ga shugabanninmu domin su ne masu tsaron rayukanmu. In kwarjinin makiyayi ya zube, ranar da zai tsawata wa mazinaci ko ya raba faɗan gado, wa zai saurare shi?

Ban ce kada ya ba da haƙuri ba. Wajibi ne ya bayar. Amma akwai hanya. Ya ɗauki dattijo ɗaya su je gidan iyayen yaron da dare, ya faɗi laifinsa a can, sannan ranar Lahadi magatakarda ya sanar cewa an gano kuskure, an ɗage horon. Yaron ya samu haƙƙinsa, kujera kuma ba ta taɓu ba. Ubangiji da kansa ya ce a Matiyu 18:15 a fara tsakaninku ku biyu.

Maman Zumunta:
Baba Hedimasta, ina gaisuwa da girmamawa, amma ka yi mini haƙuri. Ranar da aka tsige yaron nan, ina "tsakaninku ku biyu" take? A kasuwa aka mare shi, sai a ce a je ɗaki a shafa masa mai?

Kuma ayar da ka kawo tana magana ne da wanda aka yi wa laifi, yadda zai je wurin mai laifin. Ta mai laifin tana Matiyu 5:23 da 24: in kana gaban bagadi da baikonka ka tuna ɗan'uwanka yana da wata magana game da kai, ka ajiye baikon ka je ku shirya tukuna. To ai abin da faston nan ya yi ke nan, ya ajiye wa'azinsa ya sauko.

Bari in faɗi wani abu da mu mata muke gani muna haɗiyewa. Yarinya ta yi ciki ba aure, a gaban ikilisiya ake karanta sunanta, a gaban ikilisiya take tsayawa ta furta tuba kafin a mai da ita cin Jibin Ubangiji. Ba wanda ya taɓa cewa a yi mata a ofis domin a kare mutuncinta. Mun yarda da wannan domin an koya mana cewa laifin fili tubansa a fili. In haka ne ga 'yar shekara sha tara, don me ba haka ba ne ga mai riƙe da sanda?

Ɗan Garkida:
Amin Mama.

Ni ɗan EYN ne, wato Ekklesiyar 'Yan'uwa a Nijeriya. Tun da 'yan mishan Stover Kulp da Albert Helser suka yi sujada ta farko a gindin tsamiya a Garkida a watan Maris na 1923, ikilisiyarmu take riƙe da wankin ƙafa tare da Jibin Ubangiji. Maza a gefe guda, mata a gefe guda, kwano da ruwa da tawul. Ina yaro na ga Rabaran ɗinmu ya durƙusa gaban wani tsoho mai kiwon awaki, ƙafafunsa duk kaushi da faso, ya wanke su sannu a hankali ya goge. Ban taɓa jin wani ya raina Rabaran ɗin saboda wannan ba.

Abin da nake so dattawanku su duba a Yohanna 13 shi ne, wa ya ƙi? Bitrus ne. Ya ce faufau Ubangiji ba zai wanke masa ƙafa ba. Ba ƙiyayya ta sa shi ba, ƙauna ce da kishin girman Malaminsa. Irin kishin da dattawan nan uku suke da shi ke nan, shi ya sa bai kamata a ɗauke su kamar miyagu ba. Amma Yesu bai karɓi wannan kariyar ba.

Sai kuma aya ta 3, wadda mutane suke tsallakewa. Kafin ya ɗauki tawul, an ce ya sani Uba ya ba da kome a hannunsa, ya sani daga wurin Allah ya fito, wurin Allah kuma za shi. Da wannan sanin ya tashi ya tuɓe mayafi. Wanda ya san inda girmansa yake ajiye ba ya tsoron durƙuso.

Tsohon Hedimasta:
Ɗana, ka yi magana mai kyau, amma ka haɗa abu biyu da ba ɗaya ba. Yesu ba shi da laifi. Wankin ƙafa hidima ce, hidima kuwa ƙara wa shugaba daraja take yi. Ni ma na sha yin shara tare da ɗalibaina. Amma tsayawa ka ce "na yi zalunci, na yi girman kai" wani abu ne dabam, domin yana sa jama'a su fara shakkar hukuncinka na jiya da na gobe. Duk wanda faston nan ya taɓa sa wa horo yanzu zai ce nasa ma zalunci ne.

Ɗalibin Tauhidi:
Baba, gaskiyarka, akwai bambanci. To mu bar misalin marar laifi mu je ga masu laifi.

A Antakiya Bitrus ya janye daga cin abinci da al'ummai, wato waɗanda ba Yahudawa ba, saboda tsoron mutanen da suka zo daga wurin Yakubu. Bulus bai kira shi gefe ba, Galatiyawa 2:14 ta ce a gaban kowa ya yi masa magana. Bulus kuwa ƙarami ne a manzanci, Bitrus ya riga shi da shekaru. Aka kuma rubuta abin a wasiƙa, muna karantawa har yau. Wannan Bitrus ɗin ne daga baya ya gargaɗi dattawa a 1 Bitrus 5 kada su nuna wa garke iko, su zama abin koyi, kowa ya yi ɗamara da tawali'u. Dawuda sarki ne, da annabi Natan ya fuskance shi ya ce ya yi wa Ubangiji zunubi, har ya bar mana Zabura 51 ana rerawa. A ɗaya gefen akwai Sarki Uzziya a 2 Tarihi 26. Firistoci tamanin da shugabansu suka tare shi a Haikali suka ce ba aikinsa ba ne ƙona turare, ya husata maimakon ya saurara, kuturta ta fito masa a goshi. Littafin ya ce da ya yi ƙarfi ne zuciyarsa ta kumbura.

Akwai kuma wani labari na ƙasarmu da yake ci mini rai duk lokacin da muka karanta shi a aji. Samuel Ajayi Crowther, wanda aka kama bawa yana yaro, ya zama bishop a 1864, baƙar fata na farko a Anglika. A 1890 wasu samarin CMS, ƙungiyar mishan ta Anglika, suka zo daga Ingila cike da zafin ruhaniya. Biyu daga cikinsu, Graham Wilmot Brooke da John Alfred Robinson, sun zauna a Lakwaja da nufin kawo bishara ƙasar Hausa. A wani zama a Onica a shekarar nan samarin suka dakatar da fastocin da tsohon ya naɗa, har da ɗansa Dandeson, shi kuma yana zaune ana yi kamar ba shi ne bishop ba. Mutum ne da ya haura tamanin. Ya rasu a Legas ranar 31 ga Disamba 1891. Samarin sun tabbata su ne masu kishin tsarki, ba su ga girman kan da ke cikin kishin ba.

Sai a 2014, da ake cika shekara 150 da naɗa shi, Akbishop na Kantabari Justin Welby ya tsaya a majami'ar da aka naɗa Crowther ya furta tuba a fili saboda abin da aka yi masa. Tuban ya zo bayan shekara ɗari da ashirin da wani abu, wanda aka yi wa laifin ba ya nan ya ji. Faston ku wata biyu kawai ya yi.

Na kawo labarin kuma domin mu matasa. Yana yanka ta gefe biyu. Yaron nan ma yana bukatar addu'a yanzu, kada ya ɗauka ya ci nasara a kan fasto.

Mai Bishara a Daji:
Salama iyayena da 'yan'uwa. Na daɗe a zauren nan ban taɓa rubutu ba, yau zan yi.

Ina murna da faston nan ƙwarai. Amma ku bar ni in faɗi yadda kalmar tawali'u take zuwa mana mu da muke ƙauye. Daga sama take gangarowa kullum. In alawus ya yi wata huɗu bai zo ba ka yi magana, sai a ce bawan Allah ka yi tawali'u, ka dogara ga Allah. Mai faɗa maka haka zai shiga mota ya tafi, kai kuma ka tura babur ɗinka da ba mai. Ban taɓa jin an juya kalmar ta hau sama ba sai yau a labarin nan.

Abu na biyu ya fi wannan ci mini rai. Shekara shida nake a ƙauyen da aka tura ni. Na tarar da manya goma sha ɗaya, yau muna goma sha tara. Duk wata uku akwai takardar rahoto: mutum nawa suka tuba, nawa aka yi wa baftisma, baiko nawa. A taron gunduma ana karantawa ɗaya bayan ɗaya. In an zo kaina ji nake kamar ƙasa ta tsage in shige. Na san abokan aiki da suke ƙara lamba domin kada a ce ba su aiki, ni ma jarabar ta zo mini fiye da sau ɗaya. Ina yin addu'a, ina ziyara gida gida, ina koya wa yara karatu da yamma. Cikin sha taran nan ma akwai wanda har yanzu ranar kasuwa a buge yake dawowa. Wani lokaci ina tambayar kaina ko ba a kira ni ba ne, ni na kira kaina. Ku gaya mini gaskiya, ina iyakar dogara ga Allah, ina kuma kasawa ta fara?

Maman Zumunta:
Ɗana, na karanta naka sau biyu. Kada ka ƙara lamba ko ɗaya. Allah yana ganinka.

Ɗan Maraɗi:
Malam mai bishara, gaisuwa daga Nijar. Ni manomi ne, ba ni da karatun tauhidi, amma zan ba ka labarin gonakinmu.

Bayan farin shekarun 1970 ƙasarmu ta yi fayau, iska tana kwashe yashi tana binne shuka. Ƙungiyoyi suka yi ta kawo dashen itace daga gandun reno, ana dasawa ana ban ruwa, mafi yawansu suna mutuwa. Akwai wani ma'aikacin ƙungiyar mishan ta SIM daga Ostareliya, Tony Rinaudo, da ya zo yankin Maraɗi yana wannan aiki har ya kusa fid da rai. A 1983 ya lura da 'yan tsirran da muke sassabewa kowace shekara kafin damina, muna ɗaukarsu ciyayin banza. Ya duba ganyen da kyau sai ya ga ashe itatuwa ne. Kututturan da aka sare tun da daɗewa ne suke tohowa, saiwarsu tana nan da rai a ƙarƙashin ƙasa. Aikin da ya rage shi ne ka zaɓi reshe ƙalilan masu ƙarfi a kan kututture, ka rage sauran, ka kare su daga wuta da dabbobi. Da farko dariya aka yi wa waɗanda suka gwada, ana cewa gonarsu ƙazama ce. Yau ka bi hanyar Maraɗi zuwa Damagaram ka ga gawo da kalgo da sabara cikin gonaki, miliyoyin itatuwa da ba wanda ya dasa.

Abin da ya tsaya mini a rai shi ne, mai ilimin da ya zo daga nesa sai da ya sunkuya ya kalli abin da yake takawa. Ba shi ya sa rai cikin saiwar ba, ya tarar da shi. Yaran da kake koya wa karatu da yamma, takardar rahoto ba ta da gurbinsu, amma ni da na ga kututture ya zama inuwa ba zan ce ba ka aiki ba.

'Yar Mawaƙa:
Na ji daɗin labarin nan, amma ina da tsoro guda. A wurinmu an mai da "Allah ne mai sa girma" matashin kai. Fasto ba ya shirya wa'azi, ba ya ziyara, matasa suna ta zamewa zuwa wasu wurare, in an yi magana ya ce aikin na Ubangiji ne. Kuma murya ƙasa ƙasa yake magana, yana gaishe da kowa har da rusunawa, kowa yana cewa ga mai tawali'u. Amma ranar da ka ba shi shawara za ka gane. Ba zai yi faɗa ba, zai yi murmushi, sannan ba za a sake sa ka a kome ba. To ta yaya ake gane na gaske?

Ni kaina ma tambayar ta shafe ni. Shekara goma da baftismata, har yanzu saurin fushi yana nan. Ina azumi, ina karatun safe, ban ga na canja ba.

Rabaran Mai Ritaya:
Salama gare ku duka. Jikata ce ta karanta mini muhawarar nan, ita take rubuta abin da nake faɗa.

'Yata mai waƙa, kin riga kin amsa tambayarki. Ba a gane tawali'un shugaba a gaisuwa, ana gane shi ranar da na ƙasa da shi ya gyara masa magana. Gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba, amma shugaba da yawa haka suke jinsa. Game da rago mai fakewa da sunan Allah kuwa, Bulus ya ce a 1 Korintiyawa 3:6 shi ya shuka, Afolos ya yi ban ruwa, Allah ne ya sa girma. Shuka da ban ruwa aiki ne mai gumi. Wanda bai shuka ba, ba shi da abin da zai jira. Fushinki kuma, tambayi waɗanda suke zaune gida ɗaya da ke ko yadda kike shekara goma da suka wuce haka kike yau. Yaron da yake girma ba ya jin girmansa, sai tsohuwar riga ta matse shi. A da kina fushi ki kwana lafiya, yanzu yana damunki har kin rubuta shi a gaban mutane. Wannan damuwar ba daga jiki take ba.

Ɗana mai bishara, saurara. A Disamba 1893 samari uku 'yan mishan suka sauka a Legas da nufin shigowa ƙasar nan: Walter Gowans, Thomas Kent da Rowland Bingham. Cikin 1894 Gowans ya mutu a Girku, Kent ya mutu a Bida, Bingham ya koma gida da ciwo. Ya sake zuwa a 1900, zazzaɓi ya sake kora shi. Sai a 1902 aka samu kafa tasha a Patigi. Da a ce akwai takardar rahoto ta wata uku a lokacin, me za su rubuta cikin shekara tara? Kaburbura biyu. Daga wannan aikin ikilisiyar ECWA ta fito a 1954, Gowans da Kent ba su ga ko mutum ɗaya a benci ba. Karanta Markus 4:26 zuwa 29. Manomi ya yafa iri, yana kwana yana tashi, irin yana tsiro yana girma, shi bai san ta yaya ba. Iyakar da kake tambaya ita ce wannan: in ka bar ziyara, ka bar addu'a, ka bar shirya Magana, ka kasa. In kana yinsu, lambar ba taka ba ce.

Amma alawus ɗinka bashi ne a kan waɗanda suka aike ka. Littafi ya ce kada a sa wa takarkari takunkumi yana sussuka, ma'aikaci kuma ya cancanci ladansa. Wanda ya riƙe haƙƙinka ya ce ka yi tawali'u ya yi amfani da kalmar Allah ya rufe bakin mai gaskiya. Ka rubuta musu cikin ladabi, ka sa kwanan wata, ka ajiye kwafi. Ni ma na zauna a kujerar gunduma, na faɗa wa masu bishara irin wannan magana, ina kuma neman gafarar Allah a kanta.

Yanzu ga abokina Hedimasta. Tsoronka na gaske ne, na san shi domin na rayu da shi. Na yi shekara tara a wata ikilisiya, kome sai ya bi ta hannuna, har sayen tsintsiya. Da aka canja mini wuri na tafi ina baƙin ciki, na tabbata za ta watse. Bayan shekara biyu na koma ziyara na tarar sun buɗe majami'u biyu a ƙauyukan kusa, waɗanda suke jagora kuwa mutanen da ban taɓa ba su dama ba ne. A hanyar komowa na yi kuka a mota. A ranar na gane cewa duk shekarun nan ina wa'azin Almasihu ne kan ikilisiya, amma a zuciyata na ɗauka a kan kwarjinina take tsaye. Mai irin wannan zuciya ba zai iya cewa "na yi kuskure" ba, domin yana ganin in ya tsage ginin zai rushe. Faston nan ya iya saukowa domin ya gaskata ba shi yake riƙe da ginin ba. Tawali'unsa da dogararsa ga Allah abu ɗaya ne. In kuwa wani da ya taɓa sa wa horo ya zo ya ce nasa ma zalunci ne, sai a buɗe maganar a duba. In daidai ne ta tsaya, in ba daidai ba a gyara. Me za a rasa?

Kai kuma dattijo mai tambaya, akwai layi ɗaya a rubutunka da ba wanda ya taɓa. Ka ce ku bakwai kuna zaune, ba wanda ya ce uffan. Fasto ba ya sa horo shi kaɗai, da yardarku aka yi. An zaɓe ku ne domin ranar da fushi ya ɗebe shi ku ce, Baba dakata, a kawo rasit. Shi ya biya nasa. Anya abin da yake damun 'yan'uwanka uku ba shi ne saukowarsa ta bar su tsaye su kaɗai ba?

Tsohon Hedimasta:
Baba Rabaran, na ji, maganar dattawan kuma ta shige ni. Har yanzu ina ganin da an fara zuwa gidan iyayen yaron kafin Lahadi, domin kada abin ya zo musu ba shiri a tsakiyar jama'a. Ban sauka daga wannan ba. Amma batun a rubuta wa gunduma a ɗauke shi, ba na goyon baya. Ba a korar mutum domin ya faɗi gaskiya a kan kansa.

Dattijo Mai Lambu:
Baba Hedimasta, na manta ban faɗa ba, ya je. Daren Asabar ya je gidansu shi da matarsa, ya nemi izinin yaron kafin ya yi maganar a majami'a. Yaron ma cewa ya yi a bar shi haka, fasto ya ce a'a.

Baba Rabaran, ba ni da amsa. Tun ranar taron na san yaron ba ya ƙarya, domin ina wurin da aka sauke simintin. Na yi shiru ne don kada a ce ina goyon bayan yaro a kan fasto.

Ɗan Garkida:
Baba, Ubangiji ya ba ka ƙarfi. Muna addu'a domin zaman Asabar.

Dattijo Mai Lambu:
Salama 'yan'uwa, na dawo da labari kamar yadda ya kamata.

Ranar Alhamis na je wurin yaron a shagonsa na walda. Na gaya masa ina wurin ranar da aka sauke siminti, na san gaskiyarsa, na yi shiru. Ya daɗe bai ce kome ba. Sannan ya ce abin da ya fi yi masa ciwo ke nan tun farko, domin ya gan ni a wurin, ya kuma dube ni a taron yana jira in yi magana. Ya ce ya yafe.

A zaman Asabar na faɗi wannan a gaban sauran dattawa kafin a shiga ajanda. Ba a rubuta takardar ba. Mu huɗu za mu tsaya gaban ikilisiya gobe mu faɗi namu. Biyu sun ce ba za su tsaya ba, amma ba za su hana ba. Ɗaya bai zo zaman ba, fasto ya ce shi zai je ya same shi da kansa, kada kowa ya matsa masa. Mun kuma amince daga yanzu za a riƙa manna lissafin gini a allon sanarwa duk ƙarshen wata, kuma ba za a sa kowa horo a ranar da aka yi fushi da shi ba, sai an sake zama.

Yaron bai karɓi shugabancin ba. Ya ce wanda aka sa a madadinsa bai yi laifin kome ba, a bar shi ya ƙarasa shekarar, in lokacin zaɓe ya zo matasa su yanke.

Malam mai bishara, matata ta karanta naka ta kai maganar wurin Zumuntar Mata. Sun ce in tambaye ka yara nawa ne suke zuwa karatun yamma, kuma allo da alli kuka fi bukata ko littattafai. Ka turo mini saƙo ta gefe.